Ramin da Masu Shayi Suka Haƙa

Talata, 9 ga Mayu, 2006

Baban Felix ya rasu yau da hantsi. Na rubuta, na karanta, har yanzu ji nake kamar labarin mijin wata ne.

A gidan burodinsa na Sabon Gari abin ya same shi. Ma'aikatansa sun ce ya gama duba gashin farko, ya ce a miƙo masa kujera, jiri yake ji. Kafin a zo Samaru a fito da ni daga aji an kai shi asibiti, kafin in isa asibiti an rufe masa fuska. Akwai fulawa a gashin hannunsa. Ban bari sun goge ba.

Bernard. Tun ranar aurenmu ban kira sunan nan da bakina ba. To yau ga shi na rubuta.

Laraba, 10 ga Mayu

Gida ya cika maƙil. Felix ya iso daga Kaduna, ƙanwarsa Christabel ta baro makaranta tun jiya, idanunta kamar garwashi. Matan zumuntar cocinmu suna ta waƙa a tsakar gida, ni kuwa ina zaune kamar an dasa ni.

Ana cikin haka sai ga Malam Tanimu, sarkin masu shayin Sabon Gari, da mutanensa a baya. Jar ƙasa har gwiwar wandonsu. Ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, ya yi ta juya hularsa, sannan ya ce, "Malama, mun gama tun jiya kafin la'asar. Mun jira har magariba ba mu ga kowa ba. Yaushe za a kawo shi?"

Ban gane ba sai da Felix ya tambaye shi abin da suka gama. Ashe kabari. Suna jin labari suka kife tebura, suka ari diga da shebur, suka nufi makabartarmu ta Kirista. A wurinsu in mutum naka ne, ba ka jiran a aiko ka, kuma ba a barin gawa ta kwana. Martin mai gadin makabarta ya nuna musu fili kusa da Chinelo, 'yarmu ta fari da ƙyanda ta ɗauke tana goye, don ya saba ganin Baban Felix yana zuwa cire mata ciyawa. Har ƙaramin rami suka yi a tsakiya irin nasu, sai da Martin ya tuna musu mu da akwati muke binnewa, suka koma suka faɗaɗa.

Felix ya yi musu bayani a hankali, cewa babansa yana ɗakin ajiye gawa na asibiti, sai dangi sun zo daga Gabas an zauna. Malam Tanimu ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, Oga Bana, haka suke kiransa, a cikin ƙanƙara, mutumin da ko ruwan firij ba ya sha?

Na yi kuka a nan, kukan farko tun jiya. Kuma a wannan littafin kaɗai zan faɗa: na ji daɗi da suka haƙa. Allah ya yi musu albarka da rashin saninsu.

Juma'a, 12 ga Mayu

Gregory, ƙanen Baban Felix, ya iso daga ƙauye. Tun bai ajiye jaka ba ya fara lissafin motar da za ta kai gawa gida. Gida wai.

Da ya ji labarin ramin sai ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce a wurinsu abin ƙyama ne, ba a taɓa yi ba, baƙi su haƙa wa mutum kabari alhali uwarsa na da rai, dangi ba su nuna wuri ba, ɗan fari bai fara sara ƙasa ba. Ya yi ta zuba Turanci da Ibo. Na bar shi ya gaji, sannan na ce masa su waye baƙin? Waɗanda suke gaisawa da yayanka kowace asuba, ko wanda sai Kirsimeti yake ganinsa?

Ya ce da Turanci, "Matarmu, ki yi haƙuri." Haka suke kira na, matarmu, kamar sun haɗa kuɗi sun saye ni a kasuwar Sabon Gari.

Asabar, 13 ga Mayu

Bari in rubuta hujjata a nan, don in sun taru bakina rawa yake yi.

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Sabon Gari aka haife shi, can aka binne cibiyarsa. Babansa ma'aikacin reluwe ne, uwarsa tana soya ƙosai a bakin tasha. Rikicin sittin da shida ya kore su Gabas, uban bai kai ba, a nan ya ɓace. Gregory lokacin yaro ne ƙarami, bai sake dawowa ba sai ziyara, Hausarsa ta tsaya a sannu da na gode. Amma Baban Felix ana gama yaƙi ya dawo da jaka ɗaya. Ya fara da tallan burodin wani a kan keke, daga Sabon Gari zuwa Samaru, safe da yamma, har ya gina nasa gidan gashin. A kan keken nan na fara ganinsa, a ƙofar makarantar da nake koyarwa. Ya ce mini, da Zazzagancin da ya fi nawa, ni 'yar Wusasa, wai malama ba ta cin burodi ne ko tana jiran a roƙe ta.

Mutumin da yake mafarki da Hausa, yake zagin injin kwaɓi da Hausa, shi za a ɗauka a kai cikin daji?

Matsalar ɗaya ce, bai taɓa faɗa ba. Na sha tambayarsa, in ta Allah ta kasance ina kake so? Sai ya yi dariyar nan tasa ya ce, Malama, burodi ba ya zaɓen bakin da zai ci shi. Ka ga abin da wasanka ya jawo mini yanzu, Baban Felix.

Lahadi, 14 ga Mayu

Bayan sujada a coci mutane suka biyo mu gida, kowa da labarinsa. Wasu ban taɓa ji ba.

Busola mai kanti ta ce shekarar da fulawa ta yi tsada, duk gidajen burodi sun rage nauyi a ɓoye suka ƙara yis, burodi ya zama iska. Shi ya tara masu saye ya ce zai ƙara farashi, amma ga sikeli nan a bakin ƙofa, kowa ya auna. Wannan na sani. Abin da ban sani ba, wai duk mai shayin da ya yi sabon tebur, shi yake zuwa da kansa ranar farko ya zauna a benci ya sha kofi guda, don mutane su ga Oga Bana ya sha su ma su zauna. Shi da likita ya hana shi sukari. Shi ya sa ashe wasu ranakun yake dawowa ya ce ba ya jin yunwa.

Christabel ta ce ita abin da ba za ta manta ba, lokacin da na yi doguwar jinya tana firamare, shi yake mata kitso ranar Asabar. Kitson kamar kunyar doya, amma da shi take zuwa makaranta tana taƙama.

Ni nawa labarin ƙarami ne, ba na faɗa a taro ba. Kullum da yamma yakan zo mini da gefen burodi, ɓangaren nan da ya fi ƙonewa, a naɗe a takarda, don ya san shi nake so. Ko mun yi faɗa da safe sai ya kawo. Ya ajiye a kan tebur bai ce uffan ba, ni ma in ci ban ce na gode ba. Faɗan ya ƙare kenan.

Talata, 16 ga Mayu

An yi ruwa mai ƙarfi da asuba. Ina jin saukarsa a kwano, hankalina ya tafi kan ramin.

Da rana na ce Felix ya kai ni. Gregory ya ce zai bi mu, ya ga abin kunyar da idonsa. Muka tarar an rufe ramin da fallayen kwano, an ɗora tamfol ɗin da suke rufe teburan shayi, an danne da duwatsu. Wani daga cikinsu yana ciki da bokiti yana kwashe ruwan da ya samu hanya. Martin ya ce tun ranar suke karɓa-karɓa, ba su bar wurin ba kowa ba.

Gregory ya tsaya a baki yana kallo. Gefunan a miƙe sumul kamar an sa ma'auni. Na zuba ido in ji abin da zai ce. Sai ya sunkuya ya miƙa wa mutumin hannu ya jawo shi waje, ya ce masa sannu. Ya sake cewa sannu. Hausar kenan, ta ƙare masa.

A mota na lura ƙeyarsa irin ta yayansa ce sak. Na kau da kai.

Alhamis, 18 ga Mayu

Ƙungiyar 'yan garinsu ta zauna a falonmu. Dattawa da jajayen huluna, duk abokansa ne, duk na dafa musu abinci a gidan nan. Suka ce duk wanda ya mutu a waje gida ake mai da shi, ko daga Ingila ne. Suka ce maganar ƙarshe ta Felix ce, shi ne ɗan fari.

Yaron nan ya dube ni, ya dube su, gumi yana keto masa. Ni kuma ban sauƙaƙa masa ba. Na ce a gabansu, in suka ɗauke shi su sani ni ba zan bi ba, kuma ko gawata ba za ta taka ƙauyen nan ba. Me na ajiye a can? Tsohuwa, uwarsa, ba ta zo aurenmu ba. Zuwana na fari na durƙusa na gaishe ta da Hausa, don ɗanta ya ce mini ta iya kamar jakar Kano, ta dube ni daga sama har ƙasa ta amsa da Ibo. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, sai da tafinta. An ce tun da ta baro Zariya ta yi rantsuwa harshen nan ba zai sake fita bakinta ba. To ni na kore ta?

Abin da nake so bai fi ƙarfin kowa ba. In hau acaba ranar Lahadi in je in same su su biyu wuri ɗaya, uba da 'ya, in cire musu ciyawa in dawo.

Aka tashi ba a yanke komai ba. Felix bai ci abinci ba.

Juma'a, 19 ga Mayu

An ci gaba da gashi, ma'aikata sun ce shi da kansa ba zai yarda wuta ta mutu ba. Sun aiko da burodi gida. Na yanke gefen da kaina. Ba daɗi.

Asabar, 20 ga Mayu

Da hantsi Gregory ya shigo da wayarsa a hannu, ya ce Tsohuwa ce, an kai ta gidan malamin makaranta inda ake samun sabis, tana son magana da ni. Na ce ya tsaya ya fassara. Ya ce ta ce a ba ni kawai.

Na kara a kunne. Numfashi nake ji, da kukan kaji a bayanta. Sai murya ta ce, "'Yar Wusasa, kina jina?"

Da Hausa. Tsohuwar Hausar Sabon Gari, irin wadda kakata take yi. Na zauna a kan buhun shinkafa.

Ta yi mini gaisuwa yadda ake yi, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Ta ce ta san ɗanta ya ji daɗin zama da ni, don duk zuwansa da ƙiba yake zuwa. Ta ce idonta ya tafi, ƙafa ta tafi, ba za ta iya hanyar Zariya ba ko an ɗauke ta a kai.

Ta ce, "Zariya ta riƙe mini miji, ban ga gawarsa ba. A wurinmu in babu gawa, kututturen ayaba ake sawa a rami. Ayaba na binne, ita nake share wa ganye har yau. 'Yata, kada ki sa in binne ayaba sau biyu."

Ban san abin da na amsa ba. Gregory ya ce wai na ce to Mama, to Mama, ban daina ba har ya karɓi wayar.

Duk zaman da muka yi, Baban Felix bai taɓa gaya mini abin da ke cikin kabarin babansa ba. Yakan tsaya a kansa duk Kirsimeti ya cire hula.

Lahadi, 21 ga Mayu

Na ce wa Felix ya faɗa musu na yarda a kai shi Gabas. Ni bakina ba zai iya ba.

Laraba, 24 ga Mayu

Malam Tanimu na fi jin nauyi. Na aika aka kira shi jiya, na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aron zane. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malama, uwa ta fi mu. Da mun san tana da rai ma da mun tambaya." Sai ya ce to ramin fa?

Gregory ya ce ba a barin kabari da baki buɗe, kuma ba a rufe shi wayam, sai an sa ayaba. Na ɗauka Malam Tanimu zai ce wannan ba hanyarsu ba ce. Ya ɗan yi tunani, ya ce su dai rami suka haƙa, su za su rufe, abin da za a sa a ciki na masu shi ne.

Yau da safe aka yi. Busola ta sa aka saro kututture daga bayan gidanta. Gregory ya naɗe shi da farin ƙyalle, shi da Felix suka saukar. Na jefa hular da yake sawa a wurin gashi, ba wanda ya hana ni. Fadan cocinmu ya ce shi addu'a ya zo yi wa Chinelo, ya juya wa ramin baya ya yi addu'arsa mai tsawo, har suka gama abin da suke yi. Masu shayi suka mai da ƙasa, suka daddale da bayan shebur, suka ɗauki kwanonsu da tamfol suka koma bakin aiki.

Wata ta ce mini ai na yi ƙoƙari. Ƙoƙarin me? An fi ni gaskiya ne kawai, kuma abin da ciwo.

Alhamis, 1 ga Yuni

Mun taso. Ni da na ce ba zan bi ba, ga ni a bas, jaka a cinya. Kada wanda ya tuna mini.

Felix ya sa motar gawa ta bi ta ƙofar gidan burodi. Ban taɓa ganin Sabon Gari haka ba. Masu shayi tun daga Samaru, Hanwa, Basawa, sun jeru a bakin titi, 'yan kasuwa sun fito daga shaguna, masu kayan gyaran mota, matan da ke sayar da kifi, har limamin masallacin layin. Ba kiɗa, ba ihu. Ma'aikatansa suka fito da fararen rigunansu suka tsaya. Da motar ta zo daidai ƙofa direba ya kashe inji, ƙamshin gashin safe ya shigo mana ta taga. Christabel ta kifa kai a cinyata.

Malam Tanimu da mutum biyu suna kujerar baya da tukunyar shayinsu da buhun burodi. Ya ce ba su samu sa shi a rami ba, to za su ga an sa shi.

Asabar, 3 ga Yuni, a ƙauye

Jiya aka binne shi, a tsakar gidansu, kusa da na babansa. Felix ya fara sara ƙasa kamar yadda suke so. An yi sujada, an yi kiɗa, an harba bindigar gargajiya har na firgita, 'yan ƙungiya sun yi rawa da hotonsa. Da yana nan da ya ce wannan ɓarnar fa, wa zai biya.

Malam Tanimu ya kafa tebur a gindin wata bishiya, yana ɗaga kofi sama yana zuba shayi yana kumfa. Mutanen ƙauye suka yi layi. Ba ya jin nasu, ba sa jin nasa, amma kowa ya karɓi burodi sai ya nuna masa kabarin ya ce, na Oga ne.

Kafin a rufe akwati aka kawo Tsohuwa. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, goshi, hanci, haɓa, a hankali kamar mai karatu. Sannan ta ce ina 'yar Wusasa. Ta shafa tawa fuskar ita ma, ta ce ashe na tsufa. Na ce Mama ai ba ni kaɗai ba. Ta yi dariya, dariyarsa ce sak.

Da yamma ta sa na zauna a tabarmarta. Ta tambaye ni ko rimin nan na bakin tasha yana nan, ko har yanzu ana kawo rake daga ƙauye a kan jaki, ko ana samun daddawa mai kyau. Ta ce miyar kuka take marmari tun kafin a haifi Felix. Gregory yana gefe yana kallon uwarsa tana zuba yaren da ba ya ji.

Lahadi, 16 ga Yuli

Na daɗe ban rubuta ba. Na koma aji. Felix yana zuwa duk Asabar ya duba gidan burodi, sikelin yana nan a bakin ƙofa.

Bayan sujada na hau acaba na je wurin Chinelo. Ciyawa ta rufe ko'ina, na cire nata, na cire na ayabar ma tunda na riga na sunkuya.

Na ba direban bas kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya ya kai wa Tsohuwa. Ta aiko wai daddawar ta yi kaɗan. Tsohuwar nan ba ta da godiya. Zan ƙara mata a ƙarshen wata, wataƙila in kai da kaina in an yi hutu, don direbobin nan ba su da amana.

Gregory ya kira ɗazu. Wai in ruwa ya ɗauke za su zuba siminti su kewaye kabarin, dama da hagu, su sa tayil. Na ce su yi na dama, su bar hagun da ƙasarsa. Ya ce saboda me? Na ce saboda ruwa ya samu hanyar wucewa mana, kai ba ka san aikin gini ba ne?

Can ya ce, "To, matarmu. Za a bari."

A hagun Baban Felix nake kwana tun da can, shi ya sa ya zo bakina. Ba wani abu ba ne.